Inda Jar-Saiwa Take

4 ga Maris

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Gwaggo da duk mutanen gida. Umma tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ya ƙafa. Ita ma hawan jinin ya lafa, sai dai har yanzu ba ta jin magana a kan gishiri.

Na san sai ka yi tunani kafin ka gane mai rubutun. Kakata ta wajen uwa da mahaifinka ciki ɗaya suka fito. Rabona da kai tun ina shekara tara, lokacin da muka kwana biyu a gidanka na hana ka sakat, har ka sa mini suna 'Yar Tambaya. Umma ta ce waya ba ta yi maka amfani saboda kunne, shi ya sa na ba direban tasharku wannan, tunda duk sati biyu yana shigowa ɗaukar kaya.

Yanzu ina aikin kwamfuta a hedikwatar hukumar da tasharku ke ƙarƙashinta. Ka san wurare biyar ne ke ajiye bayanan halittu: ɗakinka na busassun tsirrai, ɗakin ƙwari, na tsuntsaye, na kifi, da rumbun iri. Kowa ya zuba nasa a kwamfuta yadda ya ga dama. In mutum yana son sanin abin da ke rayuwa a wani daji, sai ya rubuta takarda biyar, ya jira wata uku, amsa ta zo masa iri biyar. To an kafa kwamiti ya zaɓi harshen tambaya guda ɗaya, wato tsarin da za a rubuta tambaya sau ɗaya, kwamfutocin nan duka su gane, su amsa iri ɗaya. Ni ce magatakardar kwamitin, kuma ni aka ɗora wa gwaji.

Harsuna biyu ne a gabanmu, a ofis muna ce musu Dogo da Gajere. Gajere abu huɗu kawai ya iya tambaya: mene ne, a ina, yaushe, wa ya samo. Ko tsohuwar kwamfuta za ta iya da shi. Dogo kuwa babu abin da ba zai tambaya ba, har launin fure da nauyin ƙwai, amma yana son sabuwar na'ura da intanet da ba ya yankewa. Farfesa, shugaban kwamitin, Dogo yake so. Kuma an ce duk ɗakin da bai iya amsawa da harshen da aka zaɓa ba, za a cire shi daga jeri.

Don Allah Kawu ka faɗa mini wace irin kwamfuta gare ka, da yadda ka tsara bayananka. Ban taɓa riƙe aiki mai nauyin wannan ba, kuma ba na son in cuci kowa a kan rashin sani.

'Yarka,
'Yar Tambaya

19 ga Maris

'Yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya, sai ƙafar da kika tambaya, ita kam tana nan tana mulkinta. Gwaggonki ta yi murna ƙwarai. Ta ce har gobe tana tuna yarinyar da ta tsare ta a bakin murhu sai ta gaya mata dalilin da ya sa ba a ganin kaza tana fitsari. Ki gaida Ummanki, ki ce mata gishiri ba ɗan uwanta ba ne.

Amma ni murnata ba ta kai ƙarshen takardar ba. Layin nan na karanta shi sau huɗu: za a cire shi daga jeri. Na cire tabarau na goge, na sake dubawa, yana nan. Wato rufe ɗakin za a yi? Ranar ban iya cin abincin rana ba, har Gwaggonki ta tambaye ni ko rasuwa aka yi ina ɓoye mata.

Bari in gaya miki abin da za ku rufe. Kabad goma sha takwas na ƙarfe. A cikinsu takardu masu kauri dubu ashirin da biyu da ɗari huɗu, a kan kowace an manne busasshen tsiro, an rubuta sunansa da inda aka tsinko shi. Fiye da rabi da hannuna na tsinko, na danne tsakanin katako, na shanya. Shekara talatin da ɗaya warin kafur ya kama mini tufafi, har jikokina in sun ji shi a kasuwa sai su waiga suna nemana. Wata goma sha huɗu ya rage in yi ritaya. Ashe ba za a bari in miƙa mabuɗi ga wani ba, sai dai in miƙa wa kwaɗo?

Kwamfutar da kika tambaya, tsohuwa ce, sai an ɗan mare ta a gefe take tashi. Da yatsa biyu na zuba mata bayanan nan, shekara shida ina yi. Intanet kuwa baƙo ne a nan, yakan leƙo ranar da ya ga dama. Gurabe bakwai na yi wa kowane tsiro, na ƙarshen na sa masa suna Ƙarin Bayani. Nan nake rubuta sunan da mutanen wurin ke kiransa, da abin da suke yi da shi. Tsakanin dogonku da gajerenku, wanne ya san da wannan gurbin?

Ki faɗa mini gaskiya, kada ki rarrashe ni. Ni ba yaro ba ne.

Kawunki

2 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Mu duk lafiya. Wallahi da na karanta amsarka sai da jikina ya yi sanyi. Laifin alƙalamina ne. Jerin da nake nufi, jerin ɗakunan da tambaya za ta riƙa isa gare su ta kwamfuta ne. Babu wanda ya yi maganar rufe ɗakinka, ko sau ɗaya.

Amma tunda ka ce kada in rarrashe ka: ɗakin da aka daina jin muryarsa, ban san shekara nawa za a ci gaba da saya masa kafur ba. Shi ya sa ni Gajere nake goyon baya, don shi kaɗai kwamfutarka za ta iya ɗauka. Gurbinka na bakwai kuwa, Gajere bai san shi ba, amma ina neman yadda za a rataya masa shi.

Na faɗi haka a zaman ranar Talata. Farfesa ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Malama, aikin shekara hamsin masu zuwa muke yi, ba jinyar tsofaffin injuna ba.” Na ce, “Ranka ya daɗe, ai tsofaffin injunan ne ke riƙe da shekara hamsin da suka wuce.” Da na koma teburina, har na zubar da shayi a kan takardun zaman.

An dai yanke a gwada su biyun da tambaya ta gaske. Ma'aikatar ayyuka za ta yi sabuwar hanya mai kilomita arba'in, ta wuce ta arewa da tasharku. Sun aiko da taswira, suna son sanin ko akwai wata halitta mai wuyar samu a kan layin. Wannan tambayar zan jefa wa rumbunan biyar. Ba sai ka wahala ba, Daraktanku ya riga ya aiko mana kwafin bayananka tun makon jiya. Ka yi mini addu'a kwamfutarka ta fitar da mu kunya.

'Yarka

15 ga Afrilu

'Yata,

Muna lafiya, da fatan kuna lafiya. Na gane batun jeri, Allah ya yi miki albarka, ya wuce.

Direba yana tsaye a kaina, injin motarsa a kunne, don haka ba zan tsawaita ba. Ban san Darakta ya aika muku da kwafin ba, bai shawarce ni ba. Abu ɗaya nake roƙonki, kuma kada ki tambaye ni dalili yanzu: ki rufa mini asiri, kada gwajinku ya shafi kwari. Ki jinkirta wannan ɓangaren ko da wata ɗaya ne. Akwai abin da nake son in gyara, kuma ban san ta inda zan fara gaya miki ba.

Kada ki nuna wa kowa wannan takarda.

Kawunki

30 ga Afrilu

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Umma ta samu sauƙi sosai, jiya har ta taka zuwa gidan maƙwabta. Ya ƙafa?

Na yi yadda ka ce, ko da yake ban gane abin da ya haɗa ka da ɗakin ƙwari ba. Na cire su daga zagayen farko, na ce sai zagaye na biyu. Mai Ƙwari, matar da ke riƙe da ɗakin, ta same ni a baranda ta wanke ni tas. Ta ce, “Don namu ƙanana ne shi ya sa kullum mu ne a baya?” In wata tsohuwar rigima ce tsakaninku, ka gaya mini don in san inda zan taka.

Yanzu ga albishir. Kawu, tsohuwar kwamfutarka ta fitar da mu kunya! Da na tambaya da Dogo, bayananka suka cije, awa biyu allon yana juyi ba amsa. Da na tambaya da Gajere, kafin in ɗaga kofin ruwa amsa ta fito daga rumbuna huɗu, a jere, iri ɗaya. Mai Tsuntsaye har tafi ya yi. Farfesa kuwa sai gyaran murya.

Amsar ma mai daɗi ce ga masu hanya. Tsuntsaye da kifin da ke kan layin duk na ko'ina ne. A tsirrai kuwa abu ɗaya ne mai wuyar samu a duk yankin, wanda ka rubuta wa jar-saiwa a gurbinka na bakwai, kuma bayananka sun nuna tana can gefen tsohon wurin fasa dutse, kilomita sittin gabas da hanyar. A kan layin dai amsa ta ce babu. Farfesa ya sa hannu, an aika wa ma'aikatar ranar Alhamis, don sun matsa suna son fara share daji kafin ruwa ya yi ƙarfi.

Ranar ashirin ga Yuni za a kaɗa ƙuri'a tsakanin Dogo da Gajere. Yau dai na ci abinci da daɗi, karo na farko a wata biyu.

'Yarka

4 ga Yuni

Kawu,

Lafiya kuwa? Sati biyar ke nan ba amsa. Sau biyu ina tare direba a bakin ƙofa. Na farko ya ce bai gan ka ba, ɗakin a kulle. Na biyu ya ce ya ji an ce kana kwance, amma bai san ko gida ko asibiti ba. Na kira lambar Gwaggo ta ƙi shiga. Ban gaya wa Umma ba, saboda jininta.

Na ɗauko takardata ta ƙarshe da na ajiye kwafinta, na bi ta layi layi ina neman abin da ya ɓata maka rai. Ko maganar da na yi a kan rigima da Mai Ƙwari ce? In ita ce, na janye. Ko don na ambaci jar-saiwa? In na yi laifi ka faɗa mini, hukuncinka ya fi mini wannan shirun.

Ko layi ɗaya ne, ko Gwaggo ce ta rubuta.

'Yarka

11 ga Yuni

'Yata,

Ina raye. Ki kwantar da hankalinki a kan wannan, don ragowar takardar ba mai kwantar da hankali ba ce. Gwaggonki tana gaishe ki, wayarta ce ta faɗa a bokitin wanki.

Ba ƙwari na rubuta miki ba. Kwari na ce, wanda ke tsakanin duwatsu biyu, arewa da tashar nan. Ban ga laifinki ba. Rubutuna ya zama tafiyar kaza, kuma wanda ya yi magana a dunƙule shi ya jawo a fahimce shi a karkace. Da na yi ƙarfin halin faɗa miki gaskiya tun a watan Afrilu, da ba mu kai nan ba.

Ga gaskiyar. Jar-saiwa ba ta gefen wurin fasa dutse. Ta taɓa kasancewa a can. Shekara goma sha tara da suka wuce wani baƙon mai bincike ya zo, na kai shi da kaina, ya koma ya buga wurin a mujalla har da taswira. Mutane na cewa saiwar tana maganin ciwon gaɓoɓi. Damina biyu kacal, masu buhu da diga suka gama da ita. Na je na tarar da ramuka kamar an yi yaƙi. Bayan shekara uku na ci karo da wata a cikin kwarin nan, ita ce ta ƙarshe da na sani a duniya. Na tsinko reshe na manne a takarda, da na zo rubuta wuri sai hannuna ya ƙi. Na rubuta tsohon wurin da ya riga ya mutu. Haka na zuba a kwamfuta. Ainihin wurin yana cikin ƙaramin littafin da ke aljihuna, ko Gwaggonki ba ta sani ba.

Ranar da albishirinki ya iso, washegari na hau bayan babur zuwa bakin kwarin, na ƙarasa da sanda. 'Yata, turakun masu awo, masu jan fenti a ka, sun bi ta tsakiyar jar-saiwar kamar da gayya. Na ƙirga tushe arba'in da uku. A hanyar fitowa na zame a kan dutse, ƙafar ta kumbura kamar turmi, na yi sati uku a gadon asibiti. Sauran sati biyun kuwa ba ƙafa ce ta hana ni rubutu ba, kunya ce.

Na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Kwamfutarki ba ta yi ƙarya ba, abin da na ba ta shi ta faɗa. Yanzu in na gyara, duk mai waya a hannu zai tambaya da harshenku, a ba shi wurin har bakin rami. In ban gyara ba, katafila ta bi ta kai. Shin wannan harshe naku amsa biyu kawai ya iya, akwai da babu? Ba shi da yadda zai ce akwai, amma ba zan nuna ba sai na ga fuskar mai tambaya?

Ga wata takarda na haɗa da wannan, na rubuta abin da na yi, na sa hannu. In kin ga za ta yi amfani ki kai wa kwamiti. In kin ga za ta ci miki aiki, ki ƙona ta, ni zan san yadda zan yi. Ke yanzu kika fara, ni na gama.

Kawunki

22 ga Yuni

Kawu,

Alhamdu lillahi da kana raye. Ka daina hawa babur da wannan ƙafar, don Allah. Umma lafiya, na gaya mata ka yi ɗan zazzaɓi ne kawai.

Takardarka ta kwana uku a jakata. Sau biyu ina zuwa ƙofar Farfesa ina juyowa. Ba don kai kaɗai ba. In na miƙa taka, dole in faɗi tawa: cewa kai kawuna ne ban taɓa gaya wa kwamiti ba, kuma na cire ɗaki guda daga gwaji saboda wasiƙar gida.

Ana zama, kafin a ɗaga hannu, na miƙe na ce ina da magana. Na karanta takardarka daga farko har ƙarshe, sannan na faɗi nawa laifin. Farfesa ya buga tebur har murfin biro ya yi tsalle. Ya ce, “Bayanin ƙarya a rumbun hukuma, kuma da sa hannuna aka aika! Kin san abin da kika jawo mana?” Na ce na sani.

Sai Mai Ƙwari ta yi gyaran murya. Na ce shi ke nan, yau za ta rama. Ta ce, “Farfesa, kafin a yanka tsohon nan, a duba nawa rumbun. Akwai malam-buɗe-littafi iri biyu da masu tarawa ke saye da tsada. Gurbin wurinsu fanko na bar shi shekara goma, da gangan. Da an tambaye ni da harshen nan, ni ma babu za ta fito.” Mai Tsuntsaye ya sunkuyar da kai yana wasa da agogonsa, can ya ce shi ma akwai sheƙar wani aku da ya matsar da ita kilomita talatin a rubuce. Kawu, mutum uku cikin biyar! Kowa yana ɓoyewa shi kaɗai, yana zaton shi ne mai laifi.

Mai Iri ya ce to Dogo ba zai magance wannan ba? Na ce a'a, na duba. Dogo ya iya tambaya dubu, amma shi ma a kan wuri amsa biyu ya sani. Na ce matsalarmu ba yawan tambaya ba ce, amsa ce ta yi mana kaɗan. Na kawo shawarar a ɗauki Gajere a ƙara masa amsa ta uku: akwai a cikin wannan yanki, a nemi mai ɗakin. Yankin kuma a ba da shi da faɗi, kilomita ashirin kowane gefe, yadda mai hanya zai san ya tsaya, mai diga kuwa ba zai san inda zai sara ba. Aka yi awa uku ana ja. Uku suka ɗaga wa Gajere hannu, biyu Dogo. Gurbinka na bakwai ma ya shiga, amma shi ma da makulli a kan irin waɗannan.

Kada ka ce an yi nasara tukuna. An sauke ni daga magatakarda, an ba ni takardar gargaɗi, wannan na cancanta. Kai ma takardar tuhuma tana tafe wurin Daraktanku. Abin da ya fi damuna, Farfesa ya rubuta wa ma'aikatar yana janye rahoton, ya kira sau uku, an ce injiniyan yana daji. An kuma ce tun sati biyu da suka wuce aka fara share hanya daga kudu. Ban san inda suka kai ba. Kullum ina auna taswira da rula, ina lissafin kilomita nawa katafila ke ci a rana, kuma kowane lissafi amsarsa daban.

Ka rubuto da zarar ka ji wani abu.

'Yarka

17 ga Yuli

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Ƙafa ta sauka, ina takawa da sanda. Gwaggonki ta ce a gaya miki ta fi ki fushi da ni, shekara goma sha shida ina ɓoye mata abu a aljihun rigar da ita ke wankewa. Na karanta abin da kika yi a zaman nan, na rufe ɗaki na zauna tsakanin kabad na daɗe. Ban so gargaɗin nan ya hau kanki ba. Allah ya saka miki, ya sa ya zama na farko kuma na ƙarshe.

Takardar Farfesa ta isa hannun injiniya ranar ashirin da takwas. Katafila ta shiga bakin kwarin ranar ashirin da shida. Tushe tara suka tafi. Na tsaya a kan jar ƙasar da aka tura gefe, na ga guntayen saiwar a ciki, na tsince abin da zan iya na zuba a hula.

Injiniyan ya zo da kansa har ɗakin nan, da mai awo. Mutumin kirki ne, gajiya ce kawai ta yi masa yawa. Ya ce, “Baba, da an ce mini akwai tun farko, da biro zan matsar da hanyar. Yanzu sai da dutse.” Na ce masa laifina ne, ban laɓe bayan kowa ba. Muka shiga kwarin mu uku, suka yi ta aune-aune har la'asar. Hanyar za ta hau kafaɗar dutsen yamma, ta kauce da taku ɗari huɗu. An cire turakun.

Darakta ya kira ni. Ba za a kore ni ba, amma ƙarshen watan gobe zan ajiye aiki, ba sai baɗi ba. Ya tambaye ni ko akwai wasu da na karkatar. Na ce akwai biyu, na nuna masa, mun gyara su da sabuwar amsarku. Wadda za ta gaje ni ta iso ranar Litinin, mace ce mai natsuwa, ba ta toshe hanci da ta shiga ɗakin ba. Jiya na miƙa mata ƙaramin littafin. Sai da ta ja shi sau biyu kafin yatsuna su sake shi.

Abu ɗaya ya hana ni sakewa. Ranar da muka shiga da injiniya, leburori kusan goma sha biyu suna zaune a inuwar katafila, suna kallon inda nake nunawa da sanda. Shekaranjiya na koma da sabuwar mai ɗakin don ta san wurin. Talatin da huɗu ya kamata mu samu. Mun ƙirga sau uku, talatin da uku ne, da rami ɗaya sabo. Ta ce wataƙila dabba ce ta tona. Na duba gefen ramin, a miƙe yake kamar saran diga. Ita ma da ta duba, ba ta sake cewa dabba ba. Ta ce za ta nemi Darakta ya sa mai gadi, ta kuma je ta zauna da masu sayar da magani ta ji ko za su yarda a koya musu shuka ta a gona. Ni wannan dabarar ba ta taɓa zo mini ba a shekara goma sha tara.

Tana fure yanzu, kuma furen ba ya wuce sati uku. Ki nemi hutun kwana biyu ki biyo direba. Kin sha gargaɗi saboda tsiron da ba ki taɓa gani ba, ya kamata ki gan shi tun ina iya kai ki da ƙafata. Ki zo da takalmi mai ƙarfi, dutsen yana da santsi. Kuma kada ki gaya wa direba inda za mu.

Kawunki